Filin Tambaya da Amsa: Waɗanne Ƙananan Kuɗaɗen Kasuwanci Ake Cirewa Kafin a Yanka Haraji?

Wasiƙun da suka iso mana a wannan wata galibinsu a kan haraji suke, kuma dalilin a fili yake, domin ranar 30 ga Afrilu ce ranar ƙarshe da mai kasuwancin kansa zai miƙa wa Hukumar Tara Kuɗin Shiga ta Ghana, wato GRA, bayanin abin da ya samu a shekarar da ta gabata. Na zaɓi uku daga ciki, na kuma ba ta farko fili mai faɗi, saboda abin da ya dami mai ita shi ne ya dami yawancin masu shaguna a Kumasi, tun daga Alabar har Kejetia.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a Aboabo, ina da shagon atamfa da shadda da leshi a Adum, da yara biyu da suke taya ni tsare shi. Bana ne karo na farko da zan cike takardar haraji da cikakken lissafi. A littafina akwai shafin da nake rubuta tarkacen kuɗaɗen da suke fita kullum: ladan kayayo (mata masu dako a ka) da suke ɗauko mini dila daga tasha, katin waya, cajin MoMo (tura kuɗi ta waya), leda da igiya, man babur, kuɗin shara, abincin rana nawa da na yaran, gudummawar biki da ta ta'aziyya ga abokan ciniki, sadakar Juma'a, har da zakkar da na fitar. Da na haɗa su sai na ga sun kai sidi 38,000. Wani ya ce in rubuta su a dunƙule a layi ɗaya da sunan sauran kashe-kashe, wani kuma ya ce ba a karɓar ko ɗaya sai mai rasit. Ban da wannan, na biya hayar shago ta shekara 2 a lokaci ɗaya, na kuma sayi kwamfuta ta sidi 10,000. Wanne zan cire, wanne zan bari? Daga wani Alhaji, Aboabo.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara wa kasuwa albarka. Mutanen nan biyu da suka ba ka shawara kowannensu ya kauce, amma na farkon ya fi jefa ka cikin haɗari. Dokar Harajin Kuɗin Shiga ta 2015, mai lamba 896, ba ta san wani rukuni mai suna sauran kashe-kashe ba. Abin da sashe na 9 ya shimfiɗa shi ne ma'auni guda wanda kowane sidi sai ya hau shi daban: ana cire kuɗi ne gwargwadon yadda aka kashe shi ɗungurungum, domin kasuwancin kaɗai, kuma bisa larura, wajen samar da kuɗin shigar wannan shekarar. Saboda haka idan jami'i ya ga sidi 38,000 a layi ɗaya ba bayani, abu na farko da zai nema shi ne ka warware masa ƙullin, idan kuwa ka kasa, yana da ikon ya ƙi amincewa da shi, halal ɗin da ke ciki ya tafi tare da wanda bai cancanta ba.

Bari mu warware shi tun yanzu. Ladan kayayo, da leda da igiya, da kuɗin shara na shago, da cajin da ake yanka maka idan ka tura wa dila kuɗi ta MoMo, duk waɗannan kuɗin kasuwanci ne tsantsa, ba wanda zai yi jayayya da su. Haka nan kuɗin lasisin kasuwanci da kake biya wa majalisar birnin Kumasi kowace shekara, da tikitin kasuwa, da wutar shago, da ladan mai gadi, da tallan da ka sa a rediyo, da kuɗin akantan da zai shirya maka wannan lissafin. Idan kana duba tsofaffin saƙonnin MoMo za ka tarar da harajin nan na tura kuɗi da aka fara a Mayun 2022, wanda aka soke a Afrilun 2025, don haka kada ka lissafa shi a watannin da suka biyo bayan sokewar.

Inda nake so in daɗe shi ne maganar rasit, domin a nan mutanenmu suke yin asarar da ba su sani ba. Na sha tsayawa a bakin shaguna a Adum da hantsi ina kallon yadda abin yake gudana. Yarinya za ta iso da dila a cikin kwanon da ke kanta, gumi na zuba, a taimaka mata ta sauke, maigida ya zura hannu a aljihun gaba ya miƙa mata sidi 20, ta goge fuska da gefen zane ta juya. Kafin azahar an yi haka sau huɗu ko biyar, kuma ba a rubuta ko ɗaya ba, saboda a ganin maigida abin bai kai a ɗauko biro ba. To, da yayyafi kogi kan cika. Idan ribarka ta kai matakin da ake yankar kashi 25 cikin 100, duk sidi 100 da ka kashe da gaske amma ka kasa nunawa, ka biya harajin sidi 25 a kan kuɗin da tuni ya bar hannunka. Kayayo ba ta da rasit, gaskiya ne, amma kai kana da ikon ka kafa shaida. Ka sayi ƙaramin littafi ka ajiye shi a kan kanta, duk wanda aka biya a rubuta kwanan wata, da abin da ya ɗauko, da inda ya ɗauko shi, da adadin kuɗin, sannan ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Rubutun da aka yi a ranar da abin ya faru, wanda ya dace da ranar da takardar dila ta nuna kaya sun iso, yana da nauyin da lissafin da aka ƙago a daren 29 ga Afrilu ba zai taɓa samu ba. Littafin kuma kariya ne ga ita yarinyar, domin ranar da aka yi musu a kan an biya ta ko ba a biya ta ba, akwai inda za a duba.

Katin waya da man babur suna da fuska biyu, tunda da wayar kake kiran dila, da ita kuma kake kiran gida. Abin da ya dace shi ne ka raba su bisa gaskiya, ka cire kason kasuwanci kawai, kuma ka iya bayyana yadda ka yi rabon. Mafi sauƙi shi ne ka ware wa shago layin waya nasa da asusun MoMo nasa, wanda kuɗin cefane ba ya bi ta ciki. Game da babur kuwa akwai abin da yake ba mutane mamaki: zirga-zirgarka daga gida a Aboabo zuwa shago da komawa, doka ta sa ta cikin hidimar kai, ba a cire ta. Amma man da ka ƙona daga shago zuwa tasha, ko wajen kai wa mai saye kaya a Bantama, wannan na kasuwanci ne.

Sashe na 130 na dokar shi ne ya jera abin da ake ɗauka hidimar kai da ta gida, kuma abincinka yana ciki, tare da muhallinka, da suturarka, da shaƙatawarka. Wake da shinkafar da ka ci a shago da rana ba ta zama kuɗin kasuwanci don an ci ta a bayan kanta ba, domin ko ba ka buɗe shago ba za ka ci abinci. Na yaran kuwa hukuncinsa daban ne. Idan kuɗin abinci yana cikin ladan da kuka shirya da su, ka rubuta shi cikin albashinsu, ya zama hakkin ma'aikaci, sai ya ciru tare da albashin. Wannan yana nufin ka sa yaran a rajista yadda ya kamata, ka riƙa biya musu kashi 13 cikin 100 na fansho da ke wuyan mai ɗaukar aiki, su kuma a cire musu kashi 5.5 daga albashi. Kasonka na kashi 13 shi ma ana cire shi daga riba. Ko da yaran 'ya'yan 'yan'uwa ne, muddin aikin na gaske ne kuma ladan ya yi daidai da aikin, ba laifi. Abin da kai kanka kake ɗiba daga ciniki don hidimar gida kuwa ba albashi ba ne a idon doka, cin riba ne, kuma a kan ribar nan ake yanka harajin.

Saura gudummawa da sadaka da zakka, kuma na san nan ne zuciya take nauyi. A zango ba a raba ciniki da zumunci, wanda bai je maka suna ba da wuya ka koma shagonsa, don haka na fahimci dalilin da ya sa kake ganin ambulan ɗin da ka kai wa abokin ciniki ranar auren 'yarsa kuɗin kasuwa ne. Duk da haka shawarata ita ce kada ka sa shi, domin ba zai tsallake sharaɗin nan na cewa an kashe shi domin kasuwanci kaɗai ba. Zakka kuwa ibada ce da ta hau kanka a matsayinka na mai dukiya, haka ma sadakar da kake rabawa a ƙofar shago ranar Juma'a. Hanya ɗaya da doka ta buɗe ita ce ta sashe na 100, wanda ya yarda a cire kyautar da aka ba ƙungiyar jinƙai da Kwamishina Janar na GRA ya amince da ita, ko tsarin ba da tallafin karatu, ko aikin raya karkara ko birni, ko bunƙasa wasanni. Idan kana so abin da kake bayarwa ya shiga lissafi, sai ka bi da shi ta irin wannan ƙungiya ka karɓi takardar shaida. Ina ma a ce kwamitocin makarantunmu na Islamiyya da gidajen marayu za su nemi wannan amincewar, domin da sun sauƙaƙa wa masu ba su.

Hayar shekara 2 ka raba ta biyu, ka cire rabon shekarar da ake lissafi a kai, ka ajiye ɗaya rabon sai baɗi. Akwai kuma wani nauyi da masu haya da yawa ba su san yana kansu ba: mai biyan hayar wurin kasuwanci shi doka ta ɗora wa ya riƙe kashi 15 cikin 100 na kuɗin ya miƙa wa GRA cikin kwana 15 bayan ƙarewar watan da ya biya, idan kuma bai riƙe ba, shi za a bi. Ka zauna da mai shagon ku daidaita wannan tun kafin a tambaye ka. Kwamfuta kuwa jari ce mai daɗewa, ba a cire kuɗinta a shekara ɗaya. Ana ba da rangwamen tsufa na kashi 40 cikin 100 na abin da ya rage kowace shekara, wato sidi 4,000 a shekarar farko daga cikin 10,000 ɗinka, sannan 2,400 a ta biyu, haka har ta ƙare. Mota kashi 30 ce, kantoci da kujeru da sauran kayan shago kashi 20.

Duk takardun nan Dokar Gudanar da Haraji ta 2016, mai lamba 915, ta wajabta a ajiye su aƙalla shekara 6. Rasit ɗin da inji yake bugawa yakan koɗe ya zama farar takarda cikin 'yan watanni, kuma wanda ya ga gobarar Adum ta watan Maris 2025 ya san cewa akwatin da ke ƙarƙashin kanta ba ma'aji ba ne. Ka riƙa ɗaukar hotonsu da waya a ranar da ka karɓa. Kada kuma ka bari ranar ta wuce ka, domin tarar jinkiri sidi 500 ce, da ƙarin sidi 10 a kowace rana.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni albasa nake kawowa daga Nijar, ta biyo ta Burkina Faso da Bawku zuwa kasuwar Kwadaso. A kowace tafiya direba yakan dawo mini da lissafin abin da ya bayar na goro a shingayen hanya, wani lokaci ya fi kuɗin abincinsa. An taɓa cin mu tara saboda lodi ya wuce kima. A damina kuma buhu 40 suka ruɓe kafin a sayar. Sannan wata mai sari ta karɓi kaya bashi, shekara guda ke nan ba ta ba labarinta. Duk wannan asara ce a kaina. Za a cire mini? Daga wani ɗan kasuwar albasa, Kwadaso.

AMSA: Ɗan'uwa, Allah ya mayar da alheri. Biyu daga cikin huɗun nan ba sa ciruwa, biyu kuma suna da hanya.

Na goron hanya, ko da wane suna aka kira shi, doka ta ambace shi ƙarara cikin abubuwan da aka haramta cirewa, wato cin hanci da duk abin da aka kashe a harkar rashawa. Na san ba da son ranka kake bayarwa ba, na kuma san cewa motar albasa ba ta jure tsayuwar kwana biyu a rana, kuma wannan shi ne abin da masu tare hanyar suke dogaro da shi. Abin yana ci mini rai ƙwarai, domin a ƙarshe kuɗin yana komawa kan farashin da uwar gida take biya a kasuwa. Amma rubuta shi a takardar haraji bai rage maka komai ba, sai dai ka sa hannu a kan shaidar da za ta iya juyowa kanka. Tarar lodi ita ma haka, domin duk tarar da aka biya wa gwamnatin kowace ƙasa saboda karya doka ba a cire ta. Abin da za ka nace a kai shi ne direba ya rarrabe maka tsakanin wannan da kuɗaɗen hukuma masu rasit. Kuɗin fito na kan iyaka, da na takardun kaya, da hayar mota, da ladan masu lodi da masu saukewa, da kuɗin buhuna, da la'adar dillali, duk suna shiga cikin kuɗin da kayan suka tsaya maka, kuma duk ana lissafa su. Idan aka cakuɗa su da na goro a takarda ɗaya, an ɓata mai kyau da marar kyau.

Albasar da ta ruɓe ba ta buƙatar layi na musamman. Yadda ake lissafin haja shi ne a haɗa abin da ka buɗe shekara da shi da abin da ka saya, a debe abin da ya rage a sito a ƙarshen shekara, ragowar ita ce ake cirewa daga ciniki. Buhu 40 ɗin nan ka saye su, ba ka sayar ba, ba sa kuma cikin sito, don haka kuɗinsu ya riga ya shiga. Abin da ake bukata shi ne shaidar cewa ruɓewa suka yi, ba sayarwa aka yi a ɓoye ba: hoto mai kwanan wata, da rubutun adadin buhunan, da sa hannun shugaban 'yan kasuwarku ko wasu mutum biyu da suka ga an zubar.

Bashin kuwa ana iya share shi idan ka riga ka rubuta cinikin cikin kuɗin shigarka, ka kuma bi duk hanyar da ta dace wajen nema har ka tabbatar ba zai fito ba. A nan ne al'adarmu ta ba da kaya a kan amana da baki take cutar da mu, alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ka tattara saƙonnin da ka tura mata, da ranakun da ka aika a neme ta, da ƙarar da ka kai gaban shugabannin kasuwa. Idan wata rana ta dawo ta biya bayan ka share, sai ka mayar da kuɗin cikin lissafin shekarar da ta biya.

TAMBAYA: Malam, ina wuni. Ni tela ce a Asawase, a ɗakin zaure na gidanmu nake ɗinki, mitar wuta ɗaya muke amfani da ita da gida. Ina zubin adashi kullum daga cinikin, da shi nake biyan kuɗin makarantar yara uku. Zan iya sa wuta da adashi da kuɗin makaranta a lissafi? Daga wata Hajiya, Asawase.

AMSA: Hajiya, lafiya lau, Allah ya raya yaran. Kafin komai ki fara tabbatar da tsarin da aka yi miki rajista a kai, domin akwai sauƙaƙƙen tsari na ƙananan 'yan kasuwa wanda ake yankar kashi 3 cikin 100 na jimillar ciniki, kuma wanda yake cikinsa ba a cire masa komai, tunda a kan ciniki aka yanka, ba a kan riba ba. Idan kuwa lissafin riba kike yi, to zare da allura da maɓallai da man keke da ladan mai yi miki aikin surfani duk suna ciruwa. Wutar sai an raba ta. Ki duba abin da kuke saya a watan da aiki ya yi sanyi, ki gwada shi da na watan azumi lokacin da kekuna da dutsen guga suke aiki har dare saboda ɗinkin sallah, bambancin zai nuna miki kason da za ki iya karewa a gaban kowa. Idan da hali, ƙaramar mita ta ɗakin ɗinki ta fi wannan duka.

Zubin adashi ajiya ce, kuɗinki ne da zai dawo hannunki, saboda haka ba kashewa ba ne. Kuɗin makaranta kuma hidimar gida ce, ba ya shiga lissafin ɗinki, amma yana da tasa ƙofar: doka ta ba mai ɗaukar nauyin karatun yaro a makarantar da gwamnati ta yi wa rajista a nan Ghana rangwamen sidi 600 a shekara a kan kowane yaro, har zuwa yara uku. Naki ukun sun kai sidi 1,800 da za a debe daga abin da za a yanka miki haraji a kai. Mutum ɗaya ne yake neman rangwamen a kan kowane yaro, don haka ku daidaita da maigida wanda zai nema tsakaninku, sannan ki karɓo takarda daga shugaban makarantar da ke nuna yaran suna karatu a can, ki haɗa ta da takardun da za ki miƙa.